Willie Dixon, Sunan da Ake Rubutawa da Ƙananan Baƙaƙe

Ya Mai Girma Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu domin in yi magana a kan wani mutum da na daɗe ina ganin ana tsallake shi a duk lokacin da marubutanmu da masu shirye-shiryen rediyo suka taɓo tarihin kiɗan baƙaƙen fatar Amurka. Sunansa Willie Dixon, makaɗi ne kuma marubucin waƙa. Ya rasu tun 1992, amma har yau ana rera waƙoƙinsa a ƙasashe da dama, kuma mafi yawan masu sauraro ba su san cewa daga hannunsa suka fito ba.

Ni kaina a kan faifan garmaho na fara cin karo da sunansa. Wani yayana yana da tarin faya-fayai na kiɗan da ake kira buluz, ni kuwa tun ina yaro ina da ɗabi'ar karanta duk abin da aka buga a takardar da ke tsakiyar faifai. Sai na lura cewa sunan mawaƙin da aka rubuta da manyan baƙaƙe yakan sauya daga wannan faifai zuwa wancan, yau Muddy Waters, gobe Howlin' Wolf, jibi wasu samarin Ingila, amma a ƙarƙashin sunan waƙar, da baƙaƙe ƙanana waɗanda sai an matso da ido, suna ɗaya ne yake ta dawowa: Dixon. Shekaru suka shuɗe kafin na fahimci cewa wannan ɗan ƙaramin suna shi ne na mutumin da ya zauna ya ƙaga baitocin, ya koya wa mawaƙin, sau da yawa kuma ya tsaya a bayansa yana kaɗa masa a ranar da aka naɗi waƙar.

An haifi Dixon ranar 1 ga Yuli, 1915, a garin Vicksburg da ke bakin kogin Misisifi, a cikin jihar da ta ci sunan kogin, kuma shi ɗaya ne daga cikin 'ya'ya goma sha huɗu. Mahaifiyarsa tana da ɗabi'ar jera maganarta da ƙafiya ko a hirar gida, shi kuma ya ɗauki wannan ɗabi'a tun yana ƙarami. Ya yi waƙa a coci, daga baya ya shiga wata ƙungiyar mawaƙan addini mai suna Union Jubilee Singers, inda yake riƙe da murya mafi kauri, har suna fitowa a gidan rediyon garin. A waccan jiha da wancan zamani, yaro baƙar fata ba ya buƙatar babban laifi kafin ya tsinci kansa a hannun hukuma, kuma Dixon tun yana ɗan saurayi ya ɗanɗani gonakin fursuna, inda ake sa ɗaurarru aikin ƙarfi. A can ya ji yadda mutane suke rera waƙa domin su daidaita saran gatari da fartanya, kuma domin su rage wa zuciya nauyi.

A 1936 ya bar kudu ya koma Shikago. Yana cikin miliyoyin baƙaƙen fata, wajen miliyan shida, da suka yi ƙaura daga jihohin kudu zuwa biranen arewa da yamma tsakanin shekarun Yaƙin Duniya na Ɗaya da 1970, suna gudun wariya da talaucin gonakin auduga. Da ya isa, damben zamani ya fara shiga, domin ƙato ne mai ƙirar ƙarfi. A 1937 ya ci gasar Golden Gloves ta jihar Illinois, inda Shikago take, a ajin masu nauyi na sababbin shiga, har ya taɓa zama abokin atisayen Joe Louis, shahararren zakaran damben duniya, na ɗan lokaci. Bayan karawa huɗu kacal a matsayin ɗan damben kuɗi sai ya bar sana'ar, saboda rigimar da ta shiga tsakaninsa da manajansa a kan kason da ya kamata a ba shi. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan a ransa, domin rigima a kan haƙƙin guminsa ita ce za ta bi shi har tsufa.

A wajen atisayen dambe ya haɗu da wani makaɗi, Leonard Caston, wanda ya ja shi zuwa kiɗa ya kuma ƙera masa abin kaɗawarsa na farko da gwangwani da tsirkiya guda. Duk wanda ya san kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos ya san irin abin da gwangwani da tsirkiya ɗaya suke iya faɗi idan suka samu hannu. Daga nan Dixon ya koma kan ainihin kayan kiɗan da ya yi suna da shi, wato bes. Ga wanda bai taɓa gani ba, kamanninsa kamar goge ne na Turawa amma ƙato, tsayinsa ya kai na mutum, yana da tsirkiya huɗu masu kauri, ana kafa shi a ƙasa a tsaya a gefensa ana fizgar tsirkiyoyin da yatsu. Sautinsa shi ne mafi zurfi a cikin taron makaɗa. Mai sauraro ba ya cika lura da shi, amma a kansa sauran kayan kiɗa suke takawa, kuma da za a cire shi, da nan take kunne zai ji kiɗan ya zama fanko. Dixon ya ƙware a wani salo na fizgo tsirkiya da ƙarfi a sake ta ta daki katakon, a kuma bi ta da mari da tafin hannu, ta yadda bes ɗin yake ba da sauti yana kuma yin aikin ganga a lokaci guda.

A 1939 shi da Caston suka kafa ƙungiyar Five Breezes, amma da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu sai aka kira shi aikin soja ya ƙi zuwa. Hujjarsa ita ce ba zai ɗauki makami domin ƙasar da dokokinta suke wulaƙanta shi saboda launin fatarsa ba, kuma a kan haka aka tsare shi wata goma. Bayan yaƙi suka sake haɗuwa da Caston a ƙungiyar Big Three Trio, wadda ta yi faya-fayai da kamfanin Columbia. Kiɗansu na lokacin mai laushi ne, na muryoyi uku da ake haɗawa, kuma a ganina can ya koyi abin da ya bambanta shi da sauran masu buluz na Shikago, wato yadda ake gina waƙa ta kasance tana da kai da gindi, da kuma amshin da zai maƙale a kunne tun jin farko.

Babban aikinsa ya zo ne a kamfanin Chess, na wasu 'yan'uwa biyu, Leonard da Phil Chess, Yahudawa da iyayensu suka yi ƙaura da su daga Foland. Zuwa 1951 Dixon ya zama cikakken ma'aikacin kamfanin, kuma da wuya a ambaci aikin da ba ya yi. Shi ne mai neman sababbin mawaƙa, shi ne mai tara makaɗa ya tsara musu abin da kowa zai kaɗa, shi ne mai kula da naɗin waƙa a situdiyo, shi ne mai bes, shi ne kuma mai rubuta baitoci. Masu kamfanin sun san kasuwa, amma shi ya san mutanen da harshensu da abin da zai motsa ma'aikacin masana'anta da ya baro Misisifi yana kewar gida.

A nan nake so in ɗan dakata, domin a nan gwanintarsa take. Dixon yakan auna mawaƙi kamar yadda tela yake auna mai riga, sa'an nan ya ɗinka masa waƙa daidai jikinsa. Muddy Waters mutum ne mai kwarjini da taƙama, saboda haka ya rubuta masa "Hoochie Coochie Man", wadda aka naɗa a Janairun 1954, da Little Walter a kan hamonika, Otis Spann a kan fiyano, Jimmy Rogers a kan jita, shi kuma Dixon a kan bes. Waƙar daga farko har ƙarshe kirari ce. Mawaƙin yana ba da labarin yadda wata mai duba ta yi wa mahaifiyarsa albishir da shi tun kafin a haife shi, yana lissafa layu da asiran da yake taƙama da su, yana cewa kowa ya san da zuwansa. Bahaushen da ya taɓa tsayawa a filin dambe ko gaban 'yan tauri ba zai ji wannan baƙon abu ba. Sai dai a tuna wa ake yi wa wannan kirari: mutanen da a kudu ake kiran dattijonsu "yaro", waɗanda ba su da ikon ɗaga ido su kalli Bature. A ba irin wannan mutum waƙar da zai buga ƙirji ya ce ga ni nan, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tsarin kiɗan ma abin lura ne, domin makaɗan gaba ɗaya sukan buga ɗan gajeren salo tare su tsaya cak, mawaƙi ya jefa baiti a cikin shirun, su sake bugawa su tsaya, kamar mai waƙa da 'yan amshinsa. Wannan ɗan salo an are shi a waƙoƙin da ba su ƙirguwa tun daga lokacin. A cikin shekarar 1954 ɗin kuma ya ba Muddy Waters "I Just Want to Make Love to You" da "I'm Ready".

Howlin' Wolf kuwa wani irin mutum ne dabam, mai murya kamar ana jan ƙarfe a kan dutse, mai ban tsoro a kan dandamali. Shi ya samu "Spoonful" da "Back Door Man" a 1960, da kuma waƙar jan zakara, "The Red Rooster", a 1961, wadda take magana a kan zakaran da ya ɓace daga gida har kaji suka rasa natsuwa. Akwai kishi mai zafi tsakanin Wolf da Muddy Waters, kowannensu yana zargin cewa ɗayan ake ba waƙoƙi masu kyau. Dixon da bakinsa ya ba da labarin dabarar da ya ɓullo da ita: idan yana son Wolf ya karɓi waƙa, sai ya ce masa ai wannan ta Muddy ce, nan take Wolf zai nace sai shi za a ba. Wanda yake aiki tsakanin manyan mawaƙa biyu masu ji da kansu, dole ya haɗa fasaha da sanin halin mutane.

Ya ba Little Walter "My Babe", wadda ta hau matsayi na ɗaya a 1955 a jadawalin mujallar Billboard na waƙoƙin da suka fi kasuwa a tsakanin baƙaƙen fata. A wannan shekarar kuma shi ne ya kaɗa bes a "Maybellene", faifan farko na Chuck Berry, ɗaya daga cikin faya-fayan da suka buɗe ƙofar kiɗan rok. Ya kaɗa wa Bo Diddley, ya kuma rubuta masa waƙa. Daga ƙarshen 1956 zuwa farkon 1959 ya bar Chess ya koma wani ƙaramin kamfani mai suna Cobra, inda ya rubuta wa Otis Rush "I Can't Quit You Baby", ya kuma yi aiki da Magic Sam da Buddy Guy tun suna samari ba a san su ba. Da Cobra ya durƙushe sai ya koma Chess. A can ya ɗauko Koko Taylor ya lallashe ta ta rera "Wang Dang Doodle", wadda ta yi kasuwa sosai a 1966 ta kuma zama tambarinta har ƙarshen rayuwarta. Ana lissafa masa waƙoƙi fiye da 500.

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba cewa wasu daga cikin waɗannan waƙoƙi na shagalin dare ne, akwai masu habaicin batsa, akwai masu yabon abin da tarbiyyarmu ba ta yarda da shi ba, kuma ba kowacce zan sa a gaban 'ya'yana ba. Dixon ya rubuta wa gidajen rawa na Shikago ne, ya kuma san abin da ake saye. Amma ko a cikin waɗannan, ƙwarewar hannunsa a bayyane take: baiti gajere, kalmomin da kowa ya sani, hoto guda da ake juyawa ta fuskoki da dama. A "Spoonful" ya ɗauki cokali ɗaya tak ya nuna yadda mutane suke ƙarya, suke kuka, suke mutuwa a kan abin da bai fi cikin cokali ba, ya bar wa mai sauraro ya cika cokalin da abin da ya fi jan zuciyarsa. A tsufansa kuma ya juya ga wasu batutuwa, har ya yi waƙa yana tambayar yadda ɗan Adam ya iya ƙera abubuwan al'ajabi iri-iri amma ya kasa ƙera zaman lafiya.

Da shekarun 1960 suka shigo, bes mai amfani da lantarki, wanda ake ratayawa kamar jita, ya fara ture babban bes na katako daga situdiyo, saboda haka kaɗawar Dixon a faya-fayan wasu ta ragu. A daidai lokacin kuma matasan baƙaƙen fata suka fara juya wa buluz baya, suna ganinsa kiɗan iyaye ne mai tuna musu da gonar auduga. Sai ƙofa ta buɗe a Turai. Wasu Jamusawa biyu, Horst Lippmann da Fritz Rau, suka shirya rangadin mawaƙan buluz mai suna American Folk Blues Festival, wanda aka fara a 1962, kuma Dixon ne ya taimaka musu wajen zaɓo mawaƙan da haɗa su, ya kuma bi su yana kaɗa bes. A wasan da aka yi a Manchesta ta Ingila a wannan shekara, cikin 'yan kallo akwai wasu samari da ba a san su ba tukuna, har da Mick Jagger da Keith Richards na ƙungiyar Rolling Stones, da Jimmy Page wanda daga baya ya kafa ƙungiyar Led Zeppelin. Shekara biyu bayan haka, a Disambar 1964, ƙungiyar Rolling Stones ta kai waƙar jan zakara matsayi na ɗaya a Birtaniya. Ƙungiyar Cream ta rera "Spoonful" a 1966, ƙungiyar Doors ta Amurka ta rera "Back Door Man" a faifanta na farko a 1967. Waƙoƙin da aka rubuta domin ƙananan mashayu na kudancin Shikago suka koma ana rera su a gaban dubban mutane.

To, ina kuɗin? Wannan ita ce tambayar da ta sa na ɗauki alƙalami. A tsarin kasuwar waƙa ta Amurka, haƙƙi biyu ne a kan kowane faifai. Akwai haƙƙin naɗin da aka yi, wanda galibi na kamfanin faifai ne, akwai kuma haƙƙin waƙar kanta, wato baitocinta da karinta, wanda yake na marubuci da kamfanin da ya yi mata rajista. Wannan na biyu shi ne mai tsawon rai, domin duk wanda ya sake rera waƙar a faifai, duk gidan rediyon da ya sa ta, sai ya biya. Masu Chess suna da hannu a wani kamfanin rajistar waƙoƙi mai suna Arc Music, kuma ta can waƙoƙin Dixon suka bi. Sakamakon haka, a shekarun da waƙoƙinsa suke cikin faya-fayan da ake sayarwa da miliyoyi, abin da yake isa hannunsa ƙalilan ne idan aka gwada da abin da suke samarwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mawaƙa da yawa na zamaninsa ba su yi karatu mai zurfi ba, sukan sa hannu a takardar da ba a karanta musu ba, a ba su kuɗin kashewa ko mota, su tafi suna godiya, ba su san cewa sun sayar da abin da jikokinsu za su ci ba.

Dixon bai haƙura ba. A 1977 shi da Muddy Waters suka kai Arc Music kotu, aka sasanta, kuma a sanadin haka haƙƙin waƙoƙinsa ya dawo hannunsa, ya zuba su a nasa kamfanin mai suna Hoochie Coochie Music. A wannan shekarar ce kuma ciwon sukari ya sa aka yanke masa ƙafa ɗaya. Sa'an nan ga shari'arsa da ƙungiyar Led Zeppelin. A 1962 ya rubuta wa Muddy Waters wata waƙa mai suna "You Need Love". A 1969 Led Zeppelin suka fitar da "Whole Lotta Love", ɗaya daga cikin waƙoƙinsu mafi shahara, da baitocin da suka yi kama da nasa ƙwarai, ba tare da sunansa a kan faifan ba. Ya shigar da ƙara a 1985, aka sasanta a wajen kotu a 1987, kuma faya-fayan da aka buga daga baya suna ɗauke da sunansa cikin marubutan waƙar. Ya kamata a yi wa Rolling Stones adalci a nan, domin su tun farko sun rubuta sunansa a kan abin da yake nasa, kuma a 1964 sun je Shikago da ƙafarsu sun naɗi waƙoƙi a situdiyon Chess saboda girmamawar da suke yi wa wurin.

Na san wani zai ce ai shi ma Dixon aro ya yi, kuma wannan magana tana da tushe. "My Babe" an gina ta ne a kan wata tsohuwar waƙar coci, "This Train", wadda Sister Rosetta Tharpe ta naɗa a 1939, sai ya cire jirgin ƙasan da ba ya ɗaukar masu zunubi ya sa budurwar da ba ta yarda da yaudara. Maganar cokali kuma Charley Patton ya riga shi yin ta a faifai tun 1929. Buluz kiɗa ne da ya taso daga bakin jama'a, baitoci suna yawo daga gona zuwa gona ba mai cewa nasa ne, kamar yadda karin magana ba shi da mai shi. Na daɗe ina juya wannan a raina, kuma ga inda na tsaya. Wanda ya ɗebo daga rijiyar gari ya dafa abinci, abincin nasa ne, ko da yake ruwan na kowa ne. Dixon ya ɗauki guntaye masu yawo ya ba su tsari da amshi da labari, ya mai da su waƙa mai minti uku da za a iya ganewa a kira ta da suna. Wanda ya zo bayansa ya ɗauki wannan ginannen abu kusan yadda yake, ya sayar da miliyoyin faya-fayai a kasuwar da doka ta ce a biya marubuci, sa'an nan ya rubuta sunansa shi kaɗai, ba zai fake da cewa al'adar buluz ce ba, domin shi kansa yana karɓar kuɗin marubuci a kan waƙar. Duk da haka ina ganin da Dixon ya ambaci Patton da ire-irensa a kan takardun faya-fayansa, da hujjarsa ta fi haka ƙarfi, kuma da ni ma na san sunayensu tun ina yaro.

Abin da ya fi ƙara masa daraja a idona shi ne abin da ya yi bayan ya samu nasa. A cikin shekarun 1980 ya kafa gidauniyar Blues Heaven Foundation, wadda aikinta shi ne taimaka wa tsofaffin mawaƙan buluz da magadansu su gano haƙƙoƙinsu su karɓo, da tallafa wa waɗanda rashin lafiya ta kayar, da ba ɗalibai kuɗin karatu, da kai kiɗan makarantu domin yara su san shi. Ya sha faɗin cewa buluz shi ne saiwa, sauran kiɗe-kiɗen Amurka kuwa 'ya'yan itacen ne, kuma idan ana son 'ya'ya su ci gaba da kyau sai a kula da saiwar. A nasa ɓangaren na mawaƙi, ya yi faifai da Memphis Slim a 1959, ya fitar da "I Am the Blues" a 1970 inda ya rera da bakinsa waƙoƙin da ya rubuta wa wasu, ya yi shekaru yana yawo da ƙungiyarsa ta Chicago Blues All-Stars, kuma a 1989 ya samu kyautar Grammy, babbar lambar yabo ta masu waƙa a Amurka, da faifansa "Hidden Charms". Gaskiya muryarsa ba ta kai ta Muddy Waters ko ta Wolf ba, kuma wanda yake son jin waƙoƙinsa a kan ganiyarsu, faya-fayan Chess na tsakanin 1954 da 1963 zai nema. Amma a faifan 1970 akwai wani daɗi na dabam, na jin mai abu yana faɗin abinsa a natse.

Ya rasu ranar 29 ga Janairu, 1992, a Burbank ta jihar Kalifoniya, yana da shekara 76, aka mai da gawarsa jihar Illinois aka binne. A 1994 aka shigar da sunansa zauren karrama mashahuran kiɗan rok. Bayan rasuwarsa matarsa Marie ta sayi tsohon ginin Chess mai lamba 2120 a titin South Michigan, ginin da ya yi shekaru yana shiga a matsayin ma'aikaci, ta ba gidauniyar, kuma tun 1997 can ne mazauninta.

Roƙona gare ka, Malam Edita, guda biyu ne. Na farko, a ware wa wannan mutum shafi guda a filinku na al'adu, ko a watan Yuli da aka haife shi ko a watan Janairu da ya rasu, a kuma ba wanda ya san dokar haƙƙin mallaka dama ya yi wa masu karatu bayanin bambancin haƙƙin naɗi da haƙƙin waƙa da Hausa mai sauƙi, domin matasanmu da suke shiga situdiyo a yau suna sa hannu a irin takardun da Dixon ya yi shekaru yana neman warwarewa. Na biyu, duk lokacin da jaridarku za ta ambaci wata waƙa, ta gida ko ta waje, a riƙa rubuta sunan wanda ya tsara ta da wanda ya yi mata kiɗa tare da sunan wanda ya rera, kuma da baƙaƙe masu girma ɗaya.

Na gode da filin da aka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Wassalam,
Mai karatunku a kullum, daga Zariya.